Harshe da Lissafi: Dabarun Koyar da Kwatanta Lambobi Masu Ɗigo a Makarantun Firamare na Ƙasar Hausa

Tsakure

Kwatanta lambobi masu ɗigo yana daga cikin darussan lissafi da ke ba ɗaliban firamare wahala, kuma kuskuren da yaro ya ɗauka a wannan mataki yakan bi shi har girmansa. Wannan muƙala ta nazarci ire-iren kura-kuran da yara ke yi idan aka ce su tantance babba da ƙarami tsakanin lambobi biyu masu ɗigo, sannan ta dubi rawar da harshen koyarwa ke takawa wajen haifar da kura-kuran ko magance su. An dogara ne a kan sakamakon binciken masana ilimin koyar da lissafi da kuma nazarin kalmomin ƙidaya da na rabo na harshen Hausa. Muƙalar ta nuna cewa yawancin kura-kuran ba sakaci ba ne, ƙa'idoji ne da yaro ya ƙirƙira wa kansa daga abin da kunnensa ya ji. Ta kuma nuna cewa Hausa tana da kalmomi irin su ushiri da rubu'i, da tsarin "kashi kaza cikin kaza", waɗanda ke bayyana darajar lamba a fili. A ƙarshe an kawo matakan darasi da tambayoyin gwaji da malami zai iya aiki da su a aji.

Fitilun Kalmomi: lamba mai ɗigo, gidan lamba, ushiri, kwatance, harshen koyarwa

1.0 Gabatarwa

Idan malami ya rubuta 0.8 da 0.75 a kan allo, ya tambayi 'yan aji biyar wace ce babba, ba abin mamaki ba ne yara da dama su nuna 0.75. Idan aka nemi hujjarsu, sai su ce ai saba'in da biyar ta fi takwas. Wannan amsa kuskure ce, amma ba ta rasa dalili ba. Yaron ya shafe shekara uku ko huɗu ana koya masa cewa 75 ta fi 8, kuma duk lambar da ta fi tsawo a rubuce ita ce babba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɗauko ƙa'idar da ta yi masa aiki a baya, ya kai ta inda ba ta aiki.

Lamarin bai tsaya a aji ba. Duk malamin jami'a ya san abin da ke tsakanin 3.49 da 3.5 a matsakaicin makin ɗalibi, domin a tsarin maki biyar da jami'o'in Nijeriya da yawa ke bi, nan ne iyakar da ta raba digiri mai daraja ta biyu babba da ƙarama. Mai jinyar da ya ɗauka cewa miligiram 0.25 ya fi miligiram 0.5 yawa zai iya cutar da wanda yake jinya. Haka abin yake ga mai sayen mai a famfo, da mai auna kaya a sikeli, da mai karanta rahoton hauhawar farashi. Ke nan darasin da ake gani ƙarami ne a firamare yana da dogon tasiri a rayuwa.

Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna cewa gyaran wannan matsala yana farawa ne daga bakin malami, wato daga yadda yake karanta lambar da yadda yake yin tambaya a kanta. Wannan ne ya sa batun ya shafi manazarta harshen Hausa kai tsaye. A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta Nijeriya ta yi tanadin fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankin da yake zaune a shekarun farko na firamare. Ko a manyan azuzuwa, inda littattafan lissafi suke cikin Ingilishi, malamai da yawa a ƙasar Hausa sukan koma ga Hausa idan bayani ya cije. Tambayar ita ce: wace irin Hausa ake yin bayanin da ita?

2.0 Ma'anar Lamba Mai Ɗigo da Taƙaitaccen Tarihinta

A wannan muƙala, lamba mai ɗigo, wadda wasu ke kira disimal, tana nufin lambar da ke ɗauke da ɗigon da ya raba cikakken adadi da ɓangaren da bai kai ɗaya ba, kamar 2.5 ko 0.75. Kowace alama daga 0 zuwa 9 kuwa an kira ta ƙwayar lamba, wurin da take zaune kuma an kira shi gida.

Tushen tsarin shi ne kowane gida ya ninka na damansa sau goma. A cikin 345, ƙwayar 3 tana gidan ɗarurruwa, 4 tana gidan gomomi, 5 tana gidan ɗaiɗai. Ɗigo bai zo da wata sabuwar doka ba, ya ba da damar ci gaba da tafiya dama ne kawai. Gida na farko bayan ɗigo shi ne na kashi ɗaya cikin goma, na biyu na kashi ɗaya cikin ɗari, na uku na kashi ɗaya cikin dubu. Saboda haka 0.75 na nufin kashi 7 cikin goma da kashi 5 cikin ɗari, wanda ya yi daidai da kashi 75 cikin ɗari.

Masana lissafi sun daɗe kafin su daidaita wannan tsari. An sami alamunsa a littafin lissafin da Abul Hasan al-Uƙlidisi ya rubuta a Dimashƙa wajen shekarar 952. Jamshid al-Kashi ya yi cikakken bayaninsa a littafinsa Miftahul Hisab, wanda ya kammala a Samarƙand a 1427. A Turai kuwa, ɗan littafin da Simon Stevin ya buga a 1585 ne ya yaɗa shi a tsakanin 'yan kasuwa da masu awo. Abin da ya ɗauki masana ƙarnoni kafin ya zauna, bai kamata a yi tsammanin yaro ɗan shekara goma zai haɗiye shi a darasi guda ba.

3.0 Ire-iren Kura-kuran Ɗalibai

Binciken da Sackur-Grisvard da Léonard suka buga a 1985 a kan yaran Faransa, da wanda Resnick da abokan aikinta suka buga a 1989 a kan yaran Amurka da Isra'ila, sun tabbatar da cewa kura-kuran yara a wannan fage suna da tsari. Daga baya Steinle da Stacey na Jami'ar Melbourne da ke Ostareliya suka faɗaɗa binciken, inda suka gwada dubban ɗalibai na firamare da sakandare. Za a iya kasa kura-kuran kashi huɗu.

3.1 Doguwa Ita Ce Babba

Wannan shi ne kuskuren da aka fi samu ga masu fara koyo. Yaro yana kallon abin da ke bayan ɗigo a matsayin wata cikakkiyar lamba mai zaman kanta, don haka 0.75 ta fi 0.8, kuma 3.49 ta fi 3.5. Irin wannan yaro idan aka ce ya ci gaba da ƙirga 0.7, 0.8, 0.9, sai ya ce 0.10, domin a wurinsa goma ce ke bin tara.

3.2 Gajera Ita Ce Babba

Wannan kishiyar ta farko ce, kuma takan bayyana ne bayan yaro ya fara fahimtar rabo. Ya san cewa kashi ɗaya cikin ɗari bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, sai ya yanke hukunci cewa duk lambar da ta kai gidan kashi ɗari ƙarama ce. A wurinsa 0.3 ta fi 0.42. Wani kuma yakan ɗauki 0.3 a matsayin ɗaya bisa uku, 0.4 kuma ɗaya bisa huɗu, sai ya ce 0.3 ce babba tunda sulusi ya fi rubu'i. Resnick da abokan aikinta sun lura cewa wannan kuskure bai yi yawa ba a Faransa, inda a wancan lokaci ake gabatar da lambobi masu ɗigo kafin a zurfafa a darasin rabo, abin da ke nuna cewa tsarin manhaja yana da hannu a irin kuskuren da yaro zai ɗauka. Steinle da Stacey kuma sun gano cewa kuskuren farko yana raguwa yayin da ɗalibai ke ƙara aji, amma wannan na biyu yakan daɗe tare da su har cikin sakandare.

3.3 Rikicin Sifili

Sifili yana rikita yara ta fuskoki da dama. Wani yakan yi watsi da shi, ya ce 0.05 da 0.5 duk ɗaya ne. Wani yakan ce 0.60 ta ninka 0.6 sau goma, domin an koya masa cewa ƙara sifili a ƙarshen lamba ninkawa ne. Akwai kuma wanda ya gane cewa sifilin da ke bin ɗigo yana ƙanƙanta lamba, don haka ya san 0.036 ba ta kai 0.4 ba, amma da zarar babu sifili sai ya koma ga ƙa'idar tsawo, ya ce 0.36 ta fi 0.4.

3.4 Tunanin Kuɗi

Ɗalibin da ya fahimci ɗigo ta hanyar naira da kwabo kaɗai yakan tsaya a gida na biyu. Yana iya kwatanta 2.45 da 2.5 daidai, amma idan aka ba shi 2.45 da 2.453 sai ya ce daidai suke, domin gida na uku ba shi da ma'ana a lissafin kuɗin da ya sani.

Babban haɗarin waɗannan ƙa'idoji shi ne sukan ba da amsa daidai a wasu lokuta. Mai ƙa'idar tsawo zai ci tambayar 0.3 da 0.42, mai ƙa'idar gajarta zai ci ta 0.8 da 0.75. Malami yakan ga yaro ya ci wasu ya faɗi wasu, sai ya ɗauka rashin natsuwa ne, alhali yaron a natse yake, ƙa'idarsa ce karkatacciya.

4.0 Matsayin Harshe a Cikin Matsalar

4.1 Yadda Ake Karanta Lambar

Akwai hanyoyi uku da ake jin ana karanta 0.75 da Hausa:

(a) sifili ɗigo saba'in da biyar
(b) sifili ɗigo bakwai biyar
(c) kashi saba'in da biyar cikin ɗari

Karatu na farko shi ne ke shuka kuskuren tsawo. Kunnen yaro ya ji "saba'in da biyar" a gefe guda, ya ji "takwas" a ɗaya gefen, babu wani abu a cikin maganar da zai nuna masa cewa takwas ɗin manyan yanka ne, saba'in da biyar ɗin kuwa ƙanana. Karatu na biyu ya kauce wa wannan tarko, amma shifta ce kawai, yana faɗin abin da aka rubuta ba tare da faɗin darajarsa ba. Karatu na uku ne kaɗai ke ɗauke da ma'ana, domin ya ambaci yawan yankan da kuma girmansu. Idan aka karanta 0.8 a matsayin "kashi takwas cikin goma", aka kuma nuna cewa daidai yake da "kashi tamanin cikin ɗari", to kwatancen ya zama tsakanin tamanin da saba'in da biyar, abin da ɗan aji biyu ma ya sani.

4.2 Yadda Ake Yin Tambayar

Hausa tana gina kwatance da aikatau "fi" tare da sunan siffar da ake aunawa: ya fi tsawo, ya fi yawa, ya fi girma, ya fi daraja. Zaɓin wannan suna yana da muhimmanci. Kalmar "lamba" a Hausa tana nufin ƙwaya guda kamar 7, tana kuma nufin adadi sukutum kamar 0.75. Idan malami ya ce "wacce ta fi yawa?", yaro yana da hujjar ƙirga ƙwayoyin da ya gani a allo, ya zaɓi wadda ta fi su yawa. "Wacce ta fi girma?" ma tana iya komawa ga girman rubutu. Tambayar da ta fi kauce wa ruɗani ita ce wadda aka ɗaure ta da abin aunawa: "Igiya mai mita 0.8 da mai mita 0.75, wacce ta fi tsawo?" A nan tsawon igiya ake nufi, ba na rubutu ba.

4.3 Tarkon Furucin Ingilishi

A Ingilishi, sunan gidan gomomi da na gidan kashi goma, wato tens da tenths, sun bambanta ne da sauti guda, wanda ake furtawa da harshe a tsakanin haƙora. Babu wannan sauti a Hausa, kuma Bahaushe mai koyon Ingilishi yakan musanya shi da /s/. Sakamakon haka kalmomin biyu sukan fito iri ɗaya a bakin malami da kunnen ɗalibi. Haka abin yake ga sunan gidan ɗarurruwa da na kashi ɗari. Gidaje biyu da ɗaya ya ninka ɗaya sau ɗari sun koma suna guda. Hausa ba ta da wannan matsala, domin babu mai jin "goma" ya ɗauka "ushiri" aka ce.

4.4 Kalmomin Rabo da Hausa Ta Mallaka

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Harshen yana da jerin kalmomin rabo, mafi yawansu aro daga Larabci ta hanyar karatun fiƙihu da rabon gado: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri. Kalmar ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma, ita ce ainihin sunan da gida na farko bayan ɗigo yake bukata. Da ita za a karanta 0.8 a ce "ushiri takwas", gida na biyu kuma a kira shi "ushirin ushiri" kafin a nuna cewa shi ne kashi ɗaya cikin ɗari.

Ma'aunan zakka sun ba da misali mai kyau ƙwarai. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ushiri, wato 0.1. Wanda aka yi wa ban ruwa da wahala ana fitar masa da rabin ushiri, wato 0.05. Zinariya da azurfa da kuɗi kuwa rubu'in ushiri ne, wato 0.025. Idan aka ɗauki adadi 200 don kwatance, ushirinsa 20 ne, rabin ushiri 10, rubu'in ushiri 5. A nan rubutun yana ƙara tsawo, darajar tana raguwa, kuma sunayen da kansu suna faɗin wanda ya fi wani, tunda kowa ya san rabin abu bai kai abin ba. Yaron da ya ce 0.025 ta fi 0.1 zai tarar yana cewa rubu'in ushiri ya fi ushiri, maganar da shi kansa ba zai yarda da ita ba.

5.0 Matakan Gabatar da Darasin

5.1 Kayan Aiki

Gani ya kori ji. Kayan da ya fi dacewa shi ne wanda ke nuna daraja ta hanyar tsawo, kuma karan dawa ko na gero ya wadatar. A sami kara miƙaƙƙe mai tsawon mita ɗaya, a ce shi ne "ɗaya". A yanka wani gida goma daidai, kowane yanki santimita 10, shi ne ushiri. A sake yanka ushiri guda gida goma, kowane yanki santimita 1, shi ne ushirin ushiri. Yara su jera yankan da hannunsu a gefen cikakken karan, har su tabbatar cewa ushiri goma ne ke cika ɗaya, ƙananan yanka goma kuma su ne ke cika ushiri.

5.2 Gina Lambar Kafin Kwatanta Ta

Kafin a yi maganar babba da ƙarami, kowane rukunin ɗalibai ya gina lambar da aka ba shi da kara. Ga misalin yadda tattaunawar za ta iya gudana:

Malama: Ku jera mini 0.8. Me kuka ɗauko?
Ɗaliba: Ushiri takwas, Malama.
Malama: Ku kuma masu 0.75 fa?
Ɗalibi: Malama, ushiri bakwai da ƙanana biyar.
Malama: To ku ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Wane layi ya fi tsawo?
Ɗalibi: Nasu, Malama. Amma namu ya fi yawan yanka.
Malama: Gaskiyarka. Ƙanana nawa za ku ƙara kafin ku kamo su?
Ɗalibi: Biyar, Malama.

Abin lura a nan shi ne malamar ba ta ƙaryata yaron ba. Lallai layinsa yanka 12 ne, na abokansa 8. Ta amince da abin da ya gani, sannan ta raba masa yawan yanka da tsawon layi, waɗanda su ne abubuwa biyun da suka cakuɗe masa.

5.3 Jadawalin Gidaje da Ƙa'idar Farawa Daga Hagu

Bayan an gina lambobi da dama, sai a koma allo a zana jadawali mai gidaje: ɗaiɗai, ɗigo, ushiri, kashi ɗari, kashi dubu. A rubuta lambobin biyu, ɗigo a ƙarƙashin ɗigo, a fara dubawa daga hagu. Gidan farko da aka sami bambanci shi ne ke yanke hukunci. Ya kamata ɗalibai su faɗi dalilin ƙa'idar da bakinsu: ƙananan yanka ko sun kai tara ba su cika ushiri guda ba, don haka 0.79 ba ta kai 0.8 ba, haka ma 0.799.

5.4 Layin Lambobi

A ja dogon layi a ƙasa a filin makaranta, a sa 0 a farkonsa, 1 a ƙarshensa, a raba shi goma. A ba ɗalibai katuna masu ɗauke da lambobi irin su 0.4, 0.36, 0.05, 0.5 da 0.50, kowa ya je ya tsaya a wurinsa. Masu 0.5 da 0.50 za su tarar da kansu a wuri guda, mai 0.05 kuwa yana can kusa da sifili. Daga nan sai a tambaya ko akwai wata lamba tsakanin 0.4 da 0.5. Mai ƙa'idar tsawo zai ce babu, tunda babu komai tsakanin huɗu da biyar. Gano cewa akwai 0.41 da 0.45 da 0.499 yana daga cikin alamun cewa yaro ya fita daga tunanin cikakkun lambobi.

5.5 Dabarar Cike da Sifili

Malamai da yawa sukan fara ne da cewa a ƙara sifili har lambobin su yi tsawo ɗaya, a mai da 0.8 ta zama 0.80, sannan a kwatanta. Dabarar tana ba da amsa daidai, amma idan aka fara da ita takan rufe ciwo ne ba tare da an warkar da shi ba. Yaron yana nan da tunaninsa na cikakkun lambobi, an dai ba shi hanyar kewaye shi, kuma ranar da ya manta dabarar zai koma gidan jiya. Wurinta shi ne ƙarshen darasi, bayan ɗalibi ya gani da kara cewa ushiri takwas daidai yake da ƙananan yanka tamanin.

6.0 Misalan da Ke Bukatar Taka-tsantsan

Kuɗi shi ne misalin da ya fi saurin zuwa bakin malami. A tsohon tsarin kuɗi, anini goma ke yin kwabo, kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. A ranar 1 ga Janairu, 1973 Nijeriya ta koma naira mai kwabo 100, sule ya zama kwabo goma, wato ushirin naira. Wanda ya tashi a wancan zamani ya riƙe 0.1 a tafin hannunsa. Yaron yau kuwa bai taɓa sayen komai da kwabo ba, don haka misalin ya rasa ƙarfinsa, ga kuma haɗarin ya karanta naira 2.5 a matsayin naira biyu da kwabo biyar. Ma'aunin ruwa ya fi kusa da shi: ledar ruwa mai lita 0.5, da gora mai lita 0.75, da babbar gora mai lita 1.5.

Lokaci ma tarko ne. Mutane da yawa sukan rubuta ƙarfe biyu da rabi a matsayin 2.30, alhali awa biyu da rabi a lissafi 2.5 ce, domin awa minti 60 ce ba 100 ba. Ya kamata malami ya raba wa ɗalibai waɗannan rubuce-rubuce biyu.

Masu rubuta littattafan lissafi da Hausa kuma su lura da bambancin da ke tsakanin Nijeriya da Nijar. Makarantun Nijar suna bin tsarin Faransanci, inda waƙafi ke zama a madadin ɗigo, a rubuta 0,75. A Nijeriya kuwa waƙafi yana raba dubbai ne. Ke nan 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ce ga ɗalibin Katsina, amma ɗaya da rabi ce ga takwaransa na Maraɗi.

7.0 Tambayoyin Gano Kuskure

Aikin da duk lambobinsa suke da tsawo ɗaya, kamar 0.37 da 0.52, ba ya tona kuskuren mafi yawan ɗalibai. Malami yana bukatar tambayoyin da aka zaɓa da gangan, kowace tana farautar ƙa'ida guda:

1. 0.8 da 0.75: tana kama mai ganin doguwa ce babba.
2. 0.3 da 0.42: tana kama mai ganin gajera ce babba.
3. 0.3 da 0.4: tana kama mai ɗaukar lambar a matsayin ɗaya bisa kaza.
4. 0.5 da 0.05: tana kama mai watsi da sifili.
5. 0.6 da 0.60: tana kama mai ganin sifilin ƙarshe ninkawa ne.
6. 2.45 da 2.453: tana kama mai tunanin kuɗi.

Abin da malami zai duba ba jimlar maki ba ce, tsarin faɗuwar ne. Ɗalibin da ya faɗi ta ɗaya da ta biyar amma ya ci ta biyu yana bukatar magani daban da wanda ya ci ta ɗaya ya faɗi ta biyu da ta shida. Bayan kowace amsa, tambayar "ta yaya ka sani?" ta fi jan biro amfani, domin ita ce ke fito da ƙa'idar da ke ɓoye a kan yaro.

8.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa kura-kuran ɗalibai wajen kwatanta lambobi masu ɗigo suna da tsari, kuma wani ɓangare nasu yana fitowa ne daga kalmomin da ake koyar da darasin da su. Karanta 0.75 a matsayin "sifili ɗigo saba'in da biyar" yana ƙarfafa kuskure, furucin sunayen gidaje da Ingilishi yana cakuɗa su, alhali "ushiri" da "kashi kaza cikin kaza" suna bayyana darajar lambar tun daga furuci. Saboda haka ana ba da shawarar cewa kwalejojin horar da malamai su sa yadda ake karanta lamba da Hausa a cikin darussan dabarun koyar da lissafi. Sassan nazarin Hausa da na lissafi a jami'o'i kuma su haɗa hannu wajen daidaita sunayen gidajen lamba, ta yadda littattafan Nijeriya da na Nijar za su yi magana da murya ɗaya. Akwai kuma fage a buɗe ga masu bincike, su gwada tambayoyin da aka kawo a sashe na bakwai a azuzuwan da ake bayani da Hausa, a ga wace ƙa'ida ce ta fi yawa a tsakanin yaran da suka ji "ushiri takwas" da waɗanda suka ji "sifili ɗigo takwas".